Cokalin da Na Tono a Gindin Mangwaro

Zuwa ga mahaifina, Baba Dauda Kuku,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Ubangiji. Bayan gaisuwa, ɗanka Bitrus ne. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, amma kwana huɗu ke nan wata magana tana cina, kuma kai ne mai ita.

Gombe ta canja bayanka, Baba. Kuɗin mai sun shigo, ko'ina ka duba buhunan siminti ne da sababbin babura, ruwan sha ne dai har yau sai an sha wuya. Ni ina aikin ruwa yanzu. An ba mu wata na'ura mai kama da faranti a bakin sanda, mutum ya riƙa shafa ƙasa da ita, in ta ji ƙarfe sai ta yi masa ƙara a kunne. Da ita muke neman tsofaffin bututun da Turawa suka binne ba su gaya wa kowa wurin ba. Yawanci dai gwangwani da ƙusa take nuna mana.

Ranar Talata aka tura mu tsohon gidan Baturen kamfani, inda ka yi shekara tara kana dafa abinci. Ofis za a mayar da shi. A gindin mangwaron nan na bayan kicin na'urar ta yi ƙara. Muka tona, muka sare saiwa biyu masu kaurin cinya, sai ga cokali kwance a ƙarƙashinsu, ya yi baƙi, bakinsa ya lotse. Ban san lokacin da na zauna a cikin ramin ba.

Kai ka san dalili. Shekarar da aka sami 'yancin kai Baturen ya yi liyafa, washegari uwargidansa ta ƙirga cokulanta na azurfa, goma sha biyu suka zama goma sha ɗaya. Ko gaban alƙali ba a kai ka ba, balle ka sami bakin magana. Sallamarka kawai aka yi. Magana ta kai majami'a, dattawa suka sa ka a horo: bencin baya, babu cin gurasar Jibin Ubangiji, sai ranar da ka furta laifinka. Ka ce musu, "Ba zan yi wa Allah ƙarya don in ci gurasarsa ba." Shekara goma sha ɗaya ka yi a bencin nan, ba ka fasa zuwa ko Lahadi ɗaya ba, har cutar ajali ta kwantar da kai.

Ka gina tanda a unguwar Bolari kana gasa burodi, da shi ka ciyar da mu. Kuma tun daga ranar ban sake ganin cokali a hannunka ba. Ko shinkafa da miya ce, da hannu kake ci.

Akwai abin da ban taɓa ba ka haƙuri a kansa ba. Wata rana na dawo makaranta an kira ni ɗan ɓarawon cokali, muna cin abinci na ɗaga kai na ce, "To Baba, in ba kai ba ne, ina ya je?" Ka daɗe kana kallon kwanon, sannan ka ce, "Ci abincinka, Bitrus." Ba ka sake tayar da maganar ba, ni ma na yi kamar na manta.

Shi ya sa ranar Talata na bar abokan aikina a bakin rami, na yi gida da gudu. Na ɗora wa Mama cokalin a hannu, na ce an wanke Baba. Ta juya shi, ta dube ni, sai hawaye. Ni kuwa, ka san ni da zafin kai, har na tsara yadda zan ajiye shi gaban dattawa ranar Lahadi, da irin maganar da zan yaɓa musu. Biyu daga cikinsu suna nan da rai.

Ranar Alhamis na kai shi unguwar Shamaki wurin Malam Inuwa, wani tsohon maƙerin fari Bakano, don ya goge mini shi ya yi ƙyalli. Ya auna shi a tafin hannu, ya ce, "Samari, wa ya ce maka azurfa ce?" Ya kankare gefen, ya goga a farar takarda, sai ga layi toka-toka kamar na fensir. Ya kara mariƙin a kunnena ya ɗan lanƙwasa, na ji yana ƙas-ƙas. Ya ce, "Ka ji? Kuza ce da dalma. Azurfa ba ta wannan kukan." Ya wanke bayan mariƙin ya nuna mini wani ɗan tambari, fure da kambi a samansa, duk ya kusa shafewa. Ya ce mahaifinsa ya sha gyara irinsa ga Turawan farko, kuma ko a lokacin ma kayan gado ne a wurinsu.

Na yi gardama, na ce ƙila zaman ƙasa ne ya canja shi. Sai ya tambayi inda na same shi, na gaya masa. Ya ce, "Cokali ba ya ratsa saiwa ya shige ƙasa. Wannan ya riga bishiyar zuwa wurin." Ranar da ka fara aiki a gidan, mangwaron nan ya riga ya fi rufin kicin tsawo. Ni da kaina na sha 'ya'yansa. Ashe cokalin na wani Bature ne daban, wanda ya yar da shi tun kana yaro a ƙauye.

Ina jin kunyar abin da na yi bayan nan, amma zan faɗa maka. Na roƙi Malam Inuwa ya shafa masa ruwan azurfa. Na ce dattawan sun tsufa, ba mai ganewa. Ya nemi dalili, na ba shi labarinka daga farko har ƙarshe. Ya miƙo mini cokalin, ya ce, "Aikin ba wuya, ɗana. Amma mutumin da ya ƙi ƙarya shekara goma sha ɗaya, da ƙarya za ka wanke shi?"

Jiya da la'asar na sami Mama tana tsintar wake, na durƙusa na gaya mata. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Na sani. Sau nawa na taya ubanka goge cokulan nan da toka? Tun da ka ɗora mini shi na ji ba shi ba ne." Na ce to kukan me ta yi. Ta ce, "Murnar da na gani a fuskarka. Na ce ashe yaron nan sai yanzu ya yarda da ubansa."

Baba, gaskiya ta faɗa. Na daɗe ina zagin dattawa a raina, ashe bakinmu ɗaya da su, ni ma shaida nake jira. Su sun sa ka a bencin baya a majami'a, ni na sa ka a bencin baya a naka gidan, ina cin burodin da ka gasa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Cokalin uwargidan Bature ƙila ba za a taɓa ganinsa ba, ni dai na daina nema. Ka ce ba ka ɗauka ba, kuma ba ka ɗauka ba.

Gobe Lahadi zan je majami'a hannu wofi. Ba zan ce wa kowa komai ba. Zan zauna a bencin baya, daidai bakin taga inda kake zama.

Ka gafarta mini tambayar nan, Baba. Ubangiji ya ba ka hutawa, ya zaunar da kai a gaba a teburinsa, ya miƙa maka gurasar da aka hana ka a nan. Amin.

Ni ne ɗanka,
Bitrus Dauda,
Bolari, Gombe.