Layin da Suke Goge Mini

Landan, Janairu 2004

Zuwa ga Baffa Gwadabe, Taura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kuna lafiya, da Inna Lauratu da su Zaituna. Yaya shanu?

Ni lafiya lau. Tari ne dai ya ƙi sakina tun shigowar sanyi, amma kada a gaya wa Inna.

Baffa, malaminmu ya haɗa mu aiki, mu ɗalibai tara. Shafi ɗaya muke da shi a kwamfuta, kowa na iya rubutawa ko gogewa, muna tace ma'anar take haƙƙin ɗan Adam. Da aka zo kan raba mutum da muhallinsa, suka rubuta: wanda aka kora daga gidansa. Na ƙara da wanda aka nome wa burtali har ya tashi, kamar mu. Sau uku suna gogewa. Ba da faɗa ba, wai ina takardar shaida?

Don Allah ƙanena Hussaini ya ɗauki muryarku a kaset. Ku faɗi shekarar da muka tashi, da sunan mashayar shanunmu, da inda muka baro kabarin Kaka. Ba mu da wata takarda sai ku.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
Mu'az