Inna, Na Tona Asirin Ɗan Majemi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Ladi.

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki, Inna, a makwancinki da ke bayan ganuwar Kano.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ni ne ɗanki Garba, daga birnin Landan. Ina sanar da ke cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini alƙalami, kuma babu wanda na kai wa ya gyara. Kin bar ni a duniya da karatun allo kaɗai. Shekara biyu ke nan da wani malamin Hausa a kwalejin da nake gadin ƙofarta a Bloomsbury ya zaunar da ni lokacin hutun cin abinci, ya koya mini baƙaƙen boko ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na shiga ajin manya da ƙaramar hukuma ta buɗe a unguwarmu ta Catford domin karatu da rubutun Turanci. Ba yabon kai ba, cikin wata huɗu aka gane wanda ya dace ya riƙa raba takardu da share allo.

Na so wasiƙata ta farko gare ki ta zama ta albishir. Allah bai nufa ba. Na yi ɓarna da wannan karatun nawa.

A ajinmu akwai wani mutumin Indiya mai suna Suresh. Sa'ana ne, ko ya girme ni kaɗan. Siririn mutum ne mai furfura, ba ya son yawan magana, yana aikin guga a wani shagon wanki a Croydon. Kujerarsa tana kusa da tawa. Shi karatun nan ba na sha'awa ba ne irin nawa. Akwai jarrabawar Turanci da dole ya ci kafin babban ofishin shige da fice da ke Croydon ya kammala masa takardun zama, kuma ya taɓa faɗuwa sau ɗaya.

Kin san ni da mutanen Indiya. Kin tuna lokacin da nake sulalewa bayan la'asar in tafi Fagge kallon finafinansu, in dawo ina rera waƙa da yaren da ban san ma'anarsa ba? Kin taɓa bi na da muciya har zaure, kina cewa, "Ja'irin yaro, Fatiha ba ta zauna maka ba sai waƙar Indiya!" To, da wannan ilimi na tunkari Suresh ranar farko. Na gyara hula, na gaishe shi da Indiyancin da na adana shekara arba'in. Ya dube ni, ya ce cikin Turancinsa mai tuntuɓe, shi bai ji ko kalma ɗaya ba. Ashe, Inna, harsunansu da yawa ne, kuma nasa daban yake da na sinima kamar yadda Barbarci yake daban da Hausa. Wannan shi ne mamakina na farko, kuma ƙarami ne.

Tun daga ranar muka ƙulla. Ni ne ke duba masa rubutu kafin ya miƙa wa Malama Helen, malamarmu. Na ɗauke shi ɗalibina.

Akwai kuma wasu 'yan ƙasarsu biyu a ajin, Mista Mohan da matarsa, yarensu ɗaya da shi. Mutanen kirki ne a idona. Matar takan zo da shayi mai citta a cikin filas, da ƙananan kofuna na ƙarfe guda huɗu. Idan an tashi hutu ta zuba wa mijinta, ta zuba wa Suresh, ta zuba mini, su yi ta hira da yarensu ina gefe ina tsintar kalmomi.

Wata Laraba na makara, domin jirgin ƙasa ya tsaya da mu a hanya. Na tarar kowa ya duƙufa yana rubutu a kan sana'ar mahaifinsa. Ban ji abin da Malama Helen ta faɗa tun farko ba, wato cewa wannan rubutu tsakanin kowa da ita ne kawai. Suresh ya gama nasa, ya fita kewayawa, ya bar littafin a buɗe. Na jawo shi kamar yadda na saba.

Inna, sai na ga kalmar fata. Na sa yatsa na bi layin a hankali. Ya rubuta cewa mahaifinsa yana karɓo fatun shanun da suka mutu, ya jiƙa, ya kankare gashi, ya jeme. Ya rubuta cewa hannuwan tsohon sun rine har ya mutu ba su koma ba.

Hannuwan Kaka na gani, mahaifinki. Na ga ramukan jima a bayan gidanku, na ji warin bagaruwa da toka. Na tuna yadda kike cewa, "Duk mai takalmi a garin nan ya taka gumin ubana." Farin ciki ya rufe ni. Suresh yana shigowa na miƙe tsaye, na buga tebur, na ce kowa ya saurara. Na karanta rubutunsa da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan na yi jawabi. Na ce ni jikan majema ne ta wajen uwa, fatar Kano ta ƙetare sahara tun zamanin kakanni, saboda haka daga yau ni da Suresh 'yan gida ɗaya ne. Wata mata 'yar Somaliya ta tafa. Wani ɗan Poland ya tafa.

Suresh yana tsaye a bakin ƙofa bai motsa ba. Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta zube haka ba sai a wurin jana'iza.

Da aka tashi hutu, matar Mista Mohan ta fito da kofuna uku. Ta zuba wa mijinta, ta zuba mini, ta zuba wa kanta. Sannan ta je wurin famfo ta ɗauko kofin takarda, ta zuba shayi a ciki, ta ajiye a bakin tebur. Ba ta miƙa masa a hannu ba. Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaga murya ba, murmushinta ma yana nan. Suresh ya dubi kofin, ya ɗauki jakarsa, ya fita. Ni kuwa ina riƙe da kofin ƙarfe kamar wawa, ina tambayar ko ciwon ciki ne ya kama shi.

Da na koma gida na ba surukarki Binta labari. Ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tare da mata 'yan Indiya da yawa. Ta ajiye ludayi ta ce, "Innalillahi! Malam, me ka yi? Kai komai sai ka yi wa'azi a kai?" Ita ta fara buɗe mini ido. Ta ce a can ƙasar an daɗe da raba mutane hawa-hawa tun daga haihuwa, kuma masu taɓa mushe da fata suna can ƙasa, har akwai waɗanda ba sa yarda su haɗa kofi da su. Ta ce dokar ƙasarsu ta hana, kuma da yawa daga abokan aikinta suna ƙyamar wannan ɗabi'a, amma ba ta mutu ba.

Na ce mata ƙarya ne. Shekara nawa ina kallon mutanen nan a majigi, suna rawa a cikin furanni, ban taɓa ganin an ware wa wani kofi ba. Ta ce, "To, je ka sinima ka tambaye su."

Laraba ta zagayo, kujerarsa babu kowa. Wata Larabar ma haka. Malama Helen ta kira wayarsa bai ɗauka ba, ga jarrabawa tana matsowa. Na tare Mista Mohan a bakin matakala na tambaye shi dalili. Ya ce, "Mista Garba, ni ba ni da damuwa da kowa. Amma ya ce mana mahaifinsa manomi ne. Wannan abin gida ne, ba za ka gane ba." Na ce lallai ban gane ba, kuma daga ranar ban sake shan shayinsu ba.

A nan dole in faɗa miki wata gaskiya, domin ban saba ɓoye miki ba. Na kwana biyu ina cika baki a gida cewa mu Hausawa ba mu san wannan ba. Sai na tuna Gwaggo Asabe, yayar Baba. Na tuna yadda takan toshe hanci da gefen mayafi idan kin dawo daga gidanku, ta ce, "An je an kwaso turaren gado," wato warin jima. Kowa ya yi dariya, ke ma ki yi. Ina yaro na ɗauka wasa ne. Na tuna kuma yadda aka hana Sani ɗan Kawu auren 'yar mahauta, aka ce ba a haɗa iri. Gaskiya ne kwano ɗaya kuke ci da Gwaggo, sahu ɗaya muke tsayawa da mahauta a masallaci, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Amma yanzu ina tambayar kaina, Inna, dariyar nan da kike yi, har cikinki take? Ban taɓa tambayarki ba, kuma lokacin tambaya ya wuce.

Ran Asabar na sa babbar riga na hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, na nemi shagon wankin. Na same shi a can ciki, tururi ya lulluɓe shi, yana goge rigar wani. Na shirya jawabin ban haƙuri mai sassa uku tun daga gida, har na rubuta a takarda. Da ya ɗago ya dube ni, na nemi jawabin na rasa. Na ce masa kawai na yi kuskure.

Ya kashe dutsen guga, muka fita bayan shagon muka zauna a kan wasu akwatuna. Turancinsa guntu, nawa ma ba cikakke ba, amma babu abin da ya ɓace a tsakaninmu. Ya ce yana yaro a makarantar ƙauyensu a bakin ƙofa yake zama, a kan buhun da yake zuwa da shi daga gida. Idan ƙishirwa ta kama shi sai ya tara hannu a zuba masa ruwa daga sama. A aji uku ya daina zuwa. Ya ce shekara tara yana Landan babu wanda ya sani, 'yarsa tana jami'a, ƙawayenta ba sa ma tambayar irin wannan. Ya ce, "Ranar nan ce rana ta farko da na rubuta gaskiya game da mahaifina. Na ce Turanci ne, tsohon ba zai ji kunya a cikinsa ba."

Inna, shekara hamsin bayan an kore shi daga aji ɗaya, ni ɗanki na kore shi daga na biyu.

Na roƙe shi ya dawo. Na ce zan tsaya gaban ajin in yi magana a kan lamarin, in kunyata duk mai ware kofi. Ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinsa a ranar. Ya ce, "Garba, kai ne mutum na farko da ya ji sana'ar mahaifina ya yi murna. Ba zan manta ba. Amma don Allah kada ka sake yi mini jawabi." Ya ce wancan ajin ya bar shi har abada.

Na ce to, ba wancan ne kaɗai aji a Landan ba. Malama Helen ta binciko mana wani a Croydon, ranar Asabar da safe. Da na kai masa labari ya daɗe yana juya takardar a hannu, sannan ya ce shi kaɗai ba zai iya sake shiga ɗaki cike da baƙin fuskoki ba. Na ce zan bar nawa ajin in bi shi. Ya ce in zo, bisa sharaɗi ɗaya, kuma kin riga kin san sharaɗin.

Makon jiya muka fara. Sabon malamin ya ce kowa ya tashi ya gabatar da maƙwabcinsa, ya faɗi sunansa da ƙasarsa da danginsa da abin da ya sani game da shi. Mutane suka yi ta zuba. Da aka zo kaina na miƙe. Na ce, "Wannan Suresh ne. Abokina ne." Na zauna.

Malamin ya jira. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Suresh ya buɗe littafinsa, ya turo mini in duba masa rubutu.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya makwancinki. Allah ya jiƙan Kaka da hannuwansa. Idan Gwaggo Asabe ta ɓata miki, Allah ya sa kin yafe mata, idan ni ma na yi dariya tare da ita, ki yafe mini. Allah ya ba Suresh sa'ar jarrabawarsa, ya tsare mutane daga harshena, ya haɗa ni da ke a gidan da ba a tambayar kowa sana'ar ubansa. Amin.

Ɗanki da ke kewarki kullum,
Garba, jikan majema
Catford, Landan