Ban Yanke Shi Daga Hoton Kanarinka Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Bashiru.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji. Ƙanwarka Hadiza ce, daga gidanmu na Goronyo. Inna tana lafiya, sai dai har yau ba ta iya zama a bayan ɗakinka.

Ni ina zama. Da hantsi nakan cika kaskon ruwan da ka ajiye ƙarƙashin dogon yaro, in koma gindin rumbu da kyamararka, in ba rana baya yadda ka koya mini. Kurciya ke fara sauka, sai hasbiya. Kanari kuwa sai ya ga dama. Kakan ce, "Bari tsuntsu shi manta da ke. In haske bai faɗa cikin idonai ba, mi za ki ɗauka?" Tsakar rana kuwa ka hana ni, wai tana wanke kalar gashinsu, gara a jira la'asar sakaliya.

A kan doguwar kyamarar nan aka ƙulla maka sharri, Yaya.

Malam Isa, wanda 'yan bindiga suka tare ku tare a hanyar Giyawa, ya dawo da ransa. Ya durƙusa gaban Inna ya faɗi abin da kunnensa ya ji. Sun ce an gaya musu kai ke ɗaukar hotunansu kana tura wa sojoji. Ka miƙa musu wayarka, ka rantse tsuntsaye ne kawai a ciki. Ba su duba ba. Da suka ambaci wanda ya kai maganar, sai ga sunan Nomau, maƙwabcinmu, da kuka yi rigimar iyakar fadama.

Nomau ɗin nan ya zo gaisuwa. Ya zauna kan tabarmarmu, ya shafa fatiha, ya ci gumbar sadakarka.

Da na samu ƙarfin buɗe hotunanka na ƙarshe, na ga kanari kan reshe, a bayansa wani duhu saman katanga. Da kai ne, yanke gefen za ka yi. Kakan ce, "A cire abin da ba ya da amfani, amma kar a ba tsuntsu kalar da Allah bai ba shi ba." Ban yanke ba. Na riƙa ƙara haske a inuwar a hankali. Hula ta fito, sai goshi, sai idanu. Nomau ne, yana leƙenka. Na duba sauran hotunan, na same shi a wasu ma.

Na kai hoton kanarin aka wanke mini shi babba a Sakkwato, na rataye a zaure inda duk mai zuwa masallaci zai gani. Malam Isa kuma ya maimaita maganarsa gaban hukuma. Mutane suka daina amsa sallamar Nomau, ya rasa mai taya shi dashen albasa. Yanzu ya kwashe iyalinsa ya koma Rabah.

Daga can ya turo dattawa su roƙi a sauke hoton. Inna ta ce in yi haƙuri in yafe. Na ce mata jinin ba nawa ba ne, kuma ba ka bar mini wakilci ba. In yana son afuwa, ya jira ranar da za ku tsaya tare gaban Allah, ya roƙe ka da bakinsa.

Allah Ya yalwata kabarinka, Yayana, Ya sa Aljanna ce makomarka. Shi kuwa da waɗanda suka harbe ka, Allah Ya isa. Allah Ya ba su tsawon rai, Ya hana su kwanciyar hankali a cikinsa.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Hadiza