Baba Ya Gyara Mana Fili na Tara

Badagishiri, 24 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Hassana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya zafin Ƙonni? Ni lafiya lau, in ban da ƙarangiya da ta cinye mini zane biyu.

Kin ce wai na gama lakwal, duk karatun nan, don in riƙa ƙirga ciyawa. To ki saurara, sarkin tsiya. Buronmu, wato ofishin da nake aiki, na da filayen gwaji goma sha biyu tsakanin Illela da Ƙonni, kowanne mita hamsin bisa ashirin, da turken ƙarfe huɗu. Ƙarshen kowace damina sai mu ja igiyar awo daga turke zuwa turke. Duk sabara ko kalgon da igiya ta ratsa, mu rubuta inda ya fara da inda ya ƙare, mu ƙirga rassansa daga tushe, mu auna tsawonsa da sanda. Bayan kowane mita goma kuma mu aje wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, mu ƙirga ciyawar da ke ciki. Sharaɗi ɗaya ne: a bar fili yadda Allah ya yi shi. Awaki su ci, iska ta karya, amma kada hannu ya gyara. Da haka ake gane ko daji na farfaɗowa ko ƙarewa yake.

Bana ni ce shugabar masu awo. Jibi za mu fili na tara, wanda ke cikin saurar Baba, wanda shekara bakwai ke nan amanarsa na hannunsa. Kin dai san yadda yake ji da wannan amana, duk baƙon da ya sauka garin sai an kai shi ya ga turaku.

A gaida yara.

Ƙanwarki, Nafisa


Gida, 27 ga Satumba

Yaya Hassana,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Yaya, Baba ya gama da ni.

Mun iso da hantsi muka iske shi bakin filin da farar riga, yana ta murmushi. Filin kuwa fes, kamar tsakar gidan amarya! Ya yi masa sassaben zamani irin wanda yake yi a gona: duk sabarar da ke da rassa ashirin ya bar mata biyu ko uku, ya nome ciyawa, har shara ya yi. Inna ta ce kwana goma sha biyu ya yi yana abu guda, da ciwon bayan nan nasa, tun ran da ya ji ni ce zan zo. Wai ɗiyarsa ba za ta kawo baƙi su tarar da saurar ubanta kamar wurin da ba mai shi ba.

Na ja igiya dai, don aiki aiki ne. Bara itace ya rufe mita ashirin da uku. Bana shida.

Haba! Sau nawa aka gaya masa? Shekara bakwai baƙi na zuwa bai taɓa ko ganye ba, sai da tawa ta zo. Na ji kamar in yi ihu, sai ga shi ya aiko mana da zakara biyu.

Aminu, abokin aikina, ya ce in kwafe lambobin bara in ɗan ƙara kaɗan, ba wanda zai taso daga Yamai ya duba. Ko in rubuta ɓarayin itace ne. Wane ɓarawo ke sata ya yi shara? In na faɗi gaskiya za a soke filin, a karɓe amanar daga hannun Baba gaban duk gari. In na yi ƙarya, ƙaryar ce za a riƙa ɗora lissafin dajin nan a kanta har bayan raina. Abincin nan ko loma ban iya kaiwa ba.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki kira Baba tukuna, na san bakinki.

Taki, Nafisa


Malbaza, 3 ga Oktoba

Yaya Hassana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ga kiranki har sau biyar. Ban ɗauka ba ne don ba zan iya faɗi da baki ba.

Gaskiyar abin da ya faru na rubuta a rahoton. Amma kafin in aika wa shef, shugaban buronmu, sai da na durƙusa gaban Baba bayan azahar na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi, ko abin zai taɓa aikina. Na ce a'a. Ya ce to shi ke nan.

Shef ya ce a cire turaku a kafa sabon fili a saurar Malam Tanimun, a fara ƙirga daga farko. E, Malam Tanimun ɗin da kika sani, wanda suke jayayyar iyaka da Baba tun muna yara.

Washegari na so mu yi abin shiru, sai muka tarar Baba ya riga mu. Shi ya tuge turakun huɗu, ya hana kowa kama masa, ya saɓa su a kafaɗa ya ratsa tsakiyar gari da su. Shi ya riƙe mini bakin igiya muka auna sabon wurin, shi ya buga turakun. Da ya gama ya tsaya ya yi wa Malam Tanimun bayanin sharaɗin gaban mutane, bai rage komai ba, ya ce kada ya yi irin wautar da shi ya yi.

Da za mu tashi ya sa mini albarka kamar kullum, amma bai ɗaga ido ya dube ni ba. Yaya, wallahi na fi son ya zage ni.

Don Allah ki je gida ran Juma'a. Ki tafi masa da maganin baya, kada ki ce ni na aiko.

Ƙanwarki, Nafisa