Yadda Nata'ala Ya Durƙusa a Tsakiyar Fili

Woolwich, London,
Yuli 1976.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya kai da iyali, Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Mu nan lafiya lau, sai zafin da Turawa ke ta kuka da shi bana, mu kuwa ko a jikinmu. Akwatin da na aiko ta jirgin ruwa ku ƙara haƙuri, an ce jiragen siminti sun cushe tashar Ikko.

Maganar ƙaninmu Nata'ala ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san yana son Zinatu, 'yar Likita Almu, ita ma tana son sa. Amma Likita ya ƙi cewa komai, don a ganinsa samarin da gwamnati ke turowa karatu tun da kuɗin mai ya zo, a jirgi suke barin tarbiyyarsu. Yaron nan har ramewa ya yi, ni ma abin ya dame ni ƙwarai.

To, Likita mayen kurket ne tun yana kwaleji a Zariya. Ran Asabar ƙungiyarsu ta rasa mutum guda, sai maigidana Lawal ya tura Nata'ala, wai ko a saba. Bari in kwatanta maka wasan. Mutum biyu ke riƙe da faskaren katako, kowa a nasa gefen yana tsaron wasu sanduna. In ɗaya ya bugi ƙwallo, sai ya daka wa ɗan'uwansa tsawa su ruga su yi musayar wuri. In aka jefi sandunan kafin ka isa, an fitar da kai. Yaya, da wa kake tsammani aka haɗa Nata'ala? Da Likita!

Jifan farko, Allah Ya ba Nata'ala sa'a ya maka ƙwallon ta yi nisa. Maimakon ya yi ihu, sai ya sunkuyar da kai ya ce wa Likita ya yi bismilla, a muryar da ko ni da na goya shi ba zan ji ba. Likita na tsaye yana jira, jama'a na ta ihu a gudu, har aka dawo da ƙwallo ba wanda ya motsa. Da bugu ya zo kan Likita, shi ya daka tsawar, suka rugo. Suna haɗuwa a tsakiya, sai ƙaninka ya ratse gefe, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa ya ba babba hanya. Nan take aka watsa sandunansa. Baturen alƙalin wasa ya sheƙo yana tambaya ko cikinsa ne ya murɗa. Ni da ƙawata Margaret muka yi dariya har da hawaye, Zinatu kuwa ta rufe fuska da gyale. Da na ga Likita ya jefar da katakonsa yana huci, sai na ce shi ke nan, mun rasa yarinyar.

Da aka tashi shan shayi, Likita ya ja Lawal gefe. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ɗan wasa marar amfani irin wannan ba, kuma ko mutane sun ƙare a London kada a sake ba shi katako. Ya juya cokali a cikin shayinsa. Can ya ce amma yaron da gwiwarsa ta tuna gida alhali yana cikin gudu, a gaya wa manyansa su je wurin wan shi Likitan a Tudun Wada, ya ba shi Zinatu.

Saboda haka, Yaya, ka sanar da Baffa, ku sayi goro mai kyau ku je da wuri. Ka gai da Inna, da Yaya Karimatu da yara, da Goggo Yelwa. Nata'ala ma yana gaisuwa, yana nan gabana yana cin tuwo kwano na biyu.

Taka ƙanwa mai begenku,
Khadijatu.