Taswirar Badiyya Ta Rabu Gida Biyu

Tiga,
Ƙaramar Hukumar Bebeji,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Yusif,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa take yi wa yayanta, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar? Ɗanka Nu'uman ya gaya mana a waya ciwon gwiwar ya sake motsawa, har kana yin salla a zaune. Allah Ya yaye, Ya sa kaffara ne, Ya ƙara maka tsawon rai mai albarka. Mu a nan alhamdu lillahi. Maigidana Malam Inusa yana nan yana fama da ruwa da kifi, ya ƙi yarda ya tsufa, kullum da hantsi yana cikin kwalekwale. Albasar da muka yi a bakin kanal ɗin ban ruwa ta yi kyau bana, ga buhu ɗaya nan na ba Ɗanasabe direba tare da takardar, da bandar kifi ta matarka Mariya. Ni kuwa tun da na ajiye koyarwa ba abin da nake ƙarawa sai ƙiba da surutu.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannun kowa. Da gangan na yi. Na daɗe ina lura da kai, da zarar na ambaci tsohon garinmu Kwarin Marke a waya sai ka ce layi ba kyau, ba ka ji sosai, sai an jima. Layin Fatakwal ba ya lalacewa sai a kan wannan magana ɗaya. To, takarda ba ta katsewa, Yaya. Ka daure ka karanta har ƙarshe, in ya so daga baya ka yi fushin da za ka yi.

Maganar Badiyya ce, autata, wadda rabonka da ita tun tana goye. Yanzu tana aji huɗu a jami'a a Kano, shekarar ƙarshe ta digirinta na farko a fannin fasahar sadarwa da sarrafa bayanai, abin da su suke ce wa Ai-Ti. Da ta samu gurbin karatun, babanta ya bi bakin ruwa yana shela 'yarsa za ta koyo gyaran waya. Hutun farko da ta zo, sai ga mutane a zaure kowa da matacciyar wayarsa, har da wani mai rediyo. Ta yi bayani har ta gaji. Ni kaina ban gane ba sai da ta ce mini in tuna rajistar ɗalibai da na riƙe shekara talatin da biyar, yadda nake jera suna da aji da unguwa don in an tambaye ni in samu amsa nan take. Ta ce nasu karatun shi ne koya wa na'ura ta yi wannan jeri, ta adana, ta ba da amsa ga duk wanda ya tambaya ko yana wata duniya. Karatun bai zo mata da sauƙi ba. Yajin aiki ya ci musu kusan shekara guda. A aji biyu ta faɗi darasin rubuta manhaja, ta kwana uku tana kumbure-kumbure ta ce ita ta haƙura. Na ce mata ni ban haifi mai haƙura da karatu ba, ta wanke fuska ta koma. Ta sake zama, ta ci, yanzu ita ke koya wa na bayanta wannan darasin.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya gina wani abu da kansa, ya rubuta kundi a kai, ya tsaya gaban malamai ya kare shi kafin a ba shi digiri. Da farko ta kai shawarar manhajar kanti, malamin da ke duba aikinta ya ce ya ga irinta ta fi arba'in, ta je ta sake tunani. Ta dawo gida fuska a murtuke. Ranar muna cin abincin rana babanta ya shigo yana mita wai tsamiyar masallaci ta sake yaga masa komar kamun kifi. Badiyya ta tambaye shi wace tsamiya, ita ba ta taɓa ganin itace a tsakiyar dam ba. Ya ce tsamiyar masallacin Kwarin Marke mana, tana nan a ƙasan ruwa, ba masuncin da bai san inda take ba, da itacen kiryar kasuwa, da dutsen da mata ke shanya a kai, don duk wanda bai kauce musu ba zai koma gida da tsumma a madadin koma. Sai na ga yarinya ta tsame hannu daga tuwo ta zuba masa ido. Ita duk rayuwarta tana jin ana cewa ruwa ya ci garinmu, ba ta taɓa tunanin garin yana nan inda yake ba.

Daga nan aikin ya fito. Ta rubuta manhaja wadda za ta karɓi maganar tsofaffi yadda suke faɗinta, gidan wane yana gabas da gidan wane, ƙofar wance tana kallon rijiya, sai na'urar ta harhaɗa ta zana taswirar garin. Ta kuma kafa mata doka, ba ta zaunar da gida sai mutum biyu sun yi shaida iri ɗaya a kansa. Yarinyar da ko wanki ba ta yarda ta yi a bakin dam saboda tsoro, ita ce ta yi yini uku a kwalekwalen babanta, hannu ɗaya ya ƙanƙame katako, ɗaya yana riƙe da waya, duk inda ya ce nan ne sai ta danna wayar ta riƙe wurin. Malaminta da ya gani ya ce ta ci gaba, wannan kam bai taɓa ganin irinsa ba.

Sai dai ta fara da kuskure, kuma na bar ta ta yi shi don ta ji a jikinta. Dattawan majalisa kaɗai ta bi. Bayan sati biyu ta buɗe mini kwamfuta tana alfahari, na ga masallaci, na ga kasuwa, na ga hanyoyi da zauruka, amma ba rijiya ko ɗaya, ba wurin sussuka. Na yi dariya har da hawaye, na tambaye ta ko mutanen garin nan nata iska suke sha. Na ce ta je wurin mata, su da suke ratsa gari ta kafar danga daga gida zuwa gida ba tare da sun taka titi ba. Haka ta bi su, Tiga da Ƙofa da Kiru har Tudun Wada, duk inda mutanenmu suka watsu. Buba na rugar bayan kanal ya ba ta burtali da mashaya. Tsofaffi talatin da huɗu ta ɗauki muryarsu, wasu suna ba da labari suna kuka, wasu biyu kuma saura kaɗan su dambace a kan wani rumbu da ya nutse shekara hamsin da suka wuce. Yaya, da ka ga yadda gidaje ke fitowa ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfutar nan, da kai ma jikinka ya yi sanyi.

Ga inda gizo ke saƙar. Taswirar ta fito gida biyu, unguwar gabas daban, ta yamma daban, tsakiya fili fetal. Tsakiyar nan kuwa ita ce unguwarmu, ita ce ta haɗa su, kuma manyanta duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura Iya Asabe, maƙwabciyarmu ta kudu, da ke wurin jikokinta a Ƙofa, ta haura tamanin da biyar, idonta ya tafi, abin da take tunawa rabi ne. Na ce a sa ni shaida ta biyu. Shekarata shida da muka tashi, amma na zauna na tsara bayani da ƙarfin hali, na ajiye rijiya a ƙofar gidanmu. Na'urar ta ƙi karɓa, wai maganata ta ci karo da ta mutum biyar. A gaban 'yata ƙarfe ya ƙaryata ni, har yau ban huce ba. Malamin ya ce ba zai sa hannu a kan gari guntu biyu ba, don abin da aikin ya yi alkawari shi ne haɗawa, kuma gaskiyarsa ce. Saura sati shida a rufe karɓar kundi. In bai sa hannu ba, ba za ta kare aikin tare da 'yan ajinsu ba, sai baɗi, tana zaune a gida su suna tafiya hidimar ƙasa. Ta rame, Yaya, ko da yake a gabana tana nuna ba komai.

Duk tsohon da ta tambaya game da unguwar tsakiya amsa ɗaya yake ba ta, ta nemi Yusif ɗan Malam Idris. Ta zo ta tambaye ni me ya sa kowa ke ambaton kawunta, kuma me ya sa in sun ambace shi sai su sunkuyar da kai. Ban taɓa ba 'ya'yana labarin nan ba, ranar na ba ta. Na ce mata kana da shekara goma sha bakwai lokacin da ma'aikata suka zo ƙidayar gidajen da za a tasa, suka nemi mai gari ya ba su wanda ya iya rubuta lamba, kai kaɗai ne ka yi boko a garin. Aka ɗora maka gwangwanin jan fenti, ka bi ƙofa ƙofa kana rubutawa. Mutane ba su da yadda za su yi da ruwa, sai suka huce a kanka. Aka daina amsa gaisuwarka. Iya Asabe ta watsa maka ruwan wanke-wanke ranar da ka zo ƙofarta. Da aka dawo sabon wuri ko shekara ba ka rufa ba ka tafi, kuma tun daga nan zuwanka gida bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Akwai abin da ban gaya wa Badiyya ba, kai zan gaya wa. Yaran da suka riƙa bin ka a baya suna yi maka waƙa suna tafi, har da ni a ciki. Ban san me nake yi ba, na ga ana tafi na yi. Na tuna ka waiwayo ka gan ni, da yamma kuma ka goya ni zuwa gida kamar kullum. Na girma da kunyar wannan rana, na tsufa da ita, ban taɓa samun bakin da zan roƙe ka gafara ba sai yau da alƙalami. Ka yafe mini, Yaya.

Abin da Badiyya take roƙo ba mai wuya ba ne. Ba sai ka taso da wannan ƙafar ba. Ka zauna inda kake jin daɗin zama, Nu'uman ya kunna wayarsa ya ɗauki muryarka, ka fara daga lamba ɗaya ka bi su yadda ka bi su a wancan lokaci, gidan wa, ina ƙofarsa ke kallo, wa ke damansa, wa ke hagunsa. Inda ka manta ka ce ka manta. Ta ce jerin lambobin nan shi kansa hanya ne da ya ratsa garin daga gabas zuwa yamma, in ta same shi, da shi da abin da Iya Asabe ta tuna za su isa na'urar ta ɗinke ɓangarorin biyu cikin yini ɗaya. Ba wani mahaluki a raye da ya tsaya a kowace ƙofa ta Kwarin Marke sai kai. Tana da buri mai yawa yarinyar nan, tana cewa in ta gama za ta buɗe manhajar ga sauran garuruwan da ke ƙarƙashin dam, kowa ya nemo gidan kakansa a wayarsa. Ni dai burina ƙarami ne, in gan ta da rigar yaye ɗalibai bana, in kuma ga ɗakin Inna a wurin da yake na gaskiya. Raina yana ba ni za ka amsa, don na san wanda ya goya ni.

Ka gaida Mariya da kyau, ka ce mata kifin na bakin dam ne, ba na kasuwa ba. Ka gaida Nu'uman da Raihana da yaransu, Allah Ya yi musu albarka. Malam Inusa yana gaishe ka, Badiyya tana gaida kawunta tana neman addu'arsa, Buba ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Shekaranjiya na je Ƙofa duba Iya Asabe, da ta ji zan rubuto maka sai ta laluba ta kamo hannuna, ta ce lalle in sa sunanta cikin masu gaisuwa, kuma in rubuta maganarta yadda ta faɗe ta. Ga ta nan: "Ki ce da Yusufa ruwan nan da na watsa masa ban manta ba, ya yafe mini tun ina da rai. Ki ce masa lambata arba'in da ɗaya. Ya gaya wa yarinyar nan inda ƙofata take, ni ta fara ɓace mini."

Allah Ya sada mu da alheri. Muna sauraron muryarka.

Ƙanwarka,
Kulsumu