Littafin Darasin Issa Mahauci

Dapaong, 4 ga Mayu 1938

Yaya Salifou,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata Yaya da iyali da aikin tafinta lafiya.

Yaya ya san ina koya wa fatake shida Ingilishi, masu zuwa cin kasuwar Bawku a ƙetaren iyaka. Makon jiya muka kai ga kalmomin da ke haɗa magana biyu masu karo da juna, irin su although da however, wato "ko da yake" da "sai dai". Ba na ba su misali. Kowa daga rayuwarsa yake kawo nasa. Issa mahauci ya rubuta cewa ko da yake matarsa tana naƙuda, an tafi da shi aikin hanya na tilas. Sauran suka bi sahu da zancen noman gyaɗar dole, duk a littafinsa, kowa da sunansa.

Wani garda, ɗan sandan gwamnati, ya ƙwace littafin a kasuwa. An ce Sokodé za a kai shi, don a Mango babu mai karanta Ingilishi. Hannun Yaya zai zo.

Ƙaninka, Mahama

Sokodé, 13 ga Mayu

Mahama,

Bayan gaisuwa, littafin yana gabana. Tun tuni na ce ka riƙa ba su misalin ruwan sama da doya, ka ce abin da ya ci wa mutum rai shi ne ba ya mantawa. To, kumanda, Baturen da ya sa ni fassara shi, shi ma ba zai manta ba.

Ba zan iya sassauta fassarar ba, domin ya ce za a sake duba ta a Lomé. Na ce masa idona na ciwo, ya ba ni mako biyu. Sai da ya yi dariya ya ce ciwon ya san lokacin zuwa. Ka bi masu shanu ka ƙetare iyaka kafin motar wasiƙu ta iso da umarnin kama ka. Sunanka ne a bangon littafin, amma idan ba ka nan, su shidan za a riƙe. Wannan ma sai ka sani.

Allah ya kiyaye hanya.

Yayanka, Salifou

Dapaong, 19 ga Mayu

Yaya,

Na gode, Allah ya saka. Masu shanu sun tashi jiya, ban bi su ba. Ina roƙon Yaya ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin fassarar: malamin ne ya yi musu shifta, su ba su san ma'anar ba. Na hana Issa buɗe baki, har ya yi fushi.

Ina gida. A gaida Inna, kada a gaya mata tukuna.

Mahama